Kwanan Gidansu Yasira

Shafi na 14

Masu yi mini ƙorafi a ƙarƙashin shafin jiya wai na taƙaita, to ga shi na ƙara muku tsawo, sai ku bar ni in sha ruwa. Maman Sufyanu, na ga saƙonki har sau uku, ba fushi na yi ba, caji ne ya ƙare, wutar unguwarmu kuwa kun san halinta.

Wanda ya shigo yau ga inda muke. 'Yan mata huɗu ne 'yan aji ɗaya a Yelwa, Firdausi da Binta da Esther da Yasira, suka ƙulla zagayen kwana a wannan dogon hutu. Duk Alhamis sai su haɗu gidan ɗaya, a ci, a yi lalle, a yi hira har barci ya kwashe su. An yi gidansu Firdausi, an yi gidansu Binta, an yi gidan gwaggon Esther kafin Esther ta haye ruwa ta tafi ƙauyensu taya aikin gona. Yau layi ya zo kan Yasira, wadda tun da take a duniya ƙawa ba ta taɓa kwana ɗakinta ba.

*

Tun da hantsi Yasira ba ta zauna ba.

Ta share ɗakinta sau biyu, ta kwashe kwandunan kifin Inna da ke jibge bayan ƙofa ta kai rumfa, ta zuba garwashi a kasko ta turara ɗakin har idonta ya yi ja. Gidansu gidan banda ne, Inna ba ta da sana'ar da ta wuce ƙyafe kifi, filo ma in ka shinshina sai ka ji tarwaɗa. Wannan warin shi ya hana ta barci kwana uku, don ta ga ɗakin Firdausi da fanka da labule mai fure.

Ta aro babban gidan sauro a maƙwabta. Ta shimfiɗa tabarmi biyu ta haɗa bakinsu, ta jera filo huɗu. Na huɗun ma tsofaffin zannuwa ne ta cusa a riga, shi ta ware wa kanta. Ta kwaɓa lalle, ta matse lemon tsami a ciki, ta rufe da faranti.

Inna kuwa ta tuƙa tuwon shinkafa malmala goma sha biyu, ta yi miyar karfasa, ta jiƙa zoɓo. Duk abin da Yasira ta ce a yi, yi take. Sai dai tun safe ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta dubi fuskar ɗiyar tata ba.

Aka yi la'asar. Shiru.

Yasira ta yi wanka ta sa atamfarta ta ƙaramar Salla, ta fita ƙofar gida ta tsaya. Duk mashin da ya karyo kwana sai gabanta ya faɗi, sai kuma ya wuce da buhun albasa ko da wani tsoho.

Ta dawo ciki.

"Inna, ba ni wayarki in kira Firdausi."

Inna ta miƙo mata ba ta juyo ba.

Ta kira, ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ta sake kira. Ta kira lambar mahaifiyar Binta, aka ɗauka, ta ji numfashi, aka kashe.

"Ƙila sabis na," in ji Yasira, ita da kanta take ba kanta haƙuri.

Inna ta ce, "Ki zamna ki ci tuwo, Yasira."

"In ci ni kaɗai? Ai suna tahe."

Inna ta ci gaba da juya kifi a kan wayar banda.

Rana ta yi ja, ta fara gangarawa bayan ruwa. Yasira ta zari hijabi ta zura takalmi.

"Ina za ki?"

"Gidansu Firdausi. Ƙila wani abu ya hwaru."

"Magariba ta kusa."

"Yanzu zan dawo."

Nan Inna ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta mayar ta rufe. Ni dai da ta faɗa a lokacin da ta rage wa yarinyar nan tafiya, amma uwa da tsoro sai Allah.

*

Tun daga zaure ta jiyo dariya.

Ta san dariyar nan, ta Binta ce, mai kama da ta mai shaƙuwa. Ta leƙa tsakar gida, ga silifas ɗin Binta masu ruwan hoda a ƙofar ɗakin Firdausi, ga jakar kwananta a kan kujera. Ƙamshin soyayyen ƙwai na tashi daga kicin.

Ta daure ta yi sallama.

Dariyar ta ɗauke ɗif.

Sai da ta yi sallama ta biyu Firdausi ta fito, hannunta na hagu ɗaure cikin leda, lalle ya riga ya fara kamawa.

"Yasira... ke ce?"

"Ni ce. Na ga shiru."

"Eh."

"Yau Alhamis, Firdausi."

"Na sani."

"Gidanmu za a kwana."

Firdausi ta sunkuyar da kai tana murza ledar hannunta.

"Na kira ki sau biyu."

"Wayar tana hannun Umma."

"To ki dube ni mana. Mi na yi muku? In warin kifi na, wallahi na turara ɗakin, ki zo ki shinshina da kanki. Na aro gidan sauro. Inna ta yi tuwo tun azahar."

"Ba wari ba ne."

"To mi ne?"

Sai ga Binta ta fito, ta tsaya bayan Firdausi, ba ta ƙaraso ba. Binta da ke rungumo ta ta baya a filin makaranta, yau ta bar taku biyar tsakaninsu.

"Ki hwaɗa mata mana," in ji Binta. "Ko ni in hwaɗa?"

Firdausi ta ce, "Innarku ta zo nan ran Talata."

"Innata? Nan?"

"Ta zo da ƙullin banda, ta shiga ɗakin Umma. Daga nan ta wuce gidansu Binta."

"Ta ce mi?"

"Ta ce kada a bar mu mu kwana gidanku."

Yasira ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Ƙarya ne. Ita ta tuƙa tuwon da hannunta."

"Wallahi ina labe na ji. Ta ce da Umma, ki riƙe ɗiyarki, ɗiyar mutane ta taɓa kwana gidana ba ta koma gidansu da rai ba."

Yasira ta ji kamar an ɗauke mata ƙasa. Ta dafa bangon zaure.

"Wace ɗiya? Yaushe?"

"Mu za ki tambaya?" in ji Binta. "Kakata ta ce daɗai ba ta ga inda mutum ya tona kansa da bakinsa haka ba. Ta ce irinsu in abin ya motsa musu ba su iya riƙe shi, shi ya sa ta zo ta yi gargaɗi."

"Irin su wa?"

"Binta, bari," in ji Firdausi.

"In bari mi? Ai gara ta sani. Kifin da ta kawo ma ramin shara anka zuba shi, ko kaji ba a ba ba."

"Irin su wa, Binta?"

Binta ta ja baya taku ɗaya. Ba ta faɗi kalmar ba. Sai ta tofa a gefen hagunta, ta yi ƙasa da murya, amma Yasira ta ji sarai.

"Kurwata kur."

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wa ake gaya wa wannan magana. Maye ake gaya wa. Yasira ta tsaya tana kallon bakin Binta, bakin da suka ci ɗanwake kwano ɗaya da shi mako biyu da suka wuce.

"Ni kike gaya ma haka?"

"Kaka ta ce a nono ake sha. Ni ban ce ke ce ba. Tsari kawai na nema."

"Na kwana ɗakinki, Binta. Filo ɗaya munka yi. Mi ya same ki?"

"Ai na yi zazzaɓi bayan nan."

"Sauro ya cije ki, dukanmu ya cije mu."

Daga cikin ɗaki muryar Umman Firdausi ta fito.

"Firdausi, wa ke nan?"

"Yasira ce, Umma."

Wannan Umman ce fa ta lulluɓe ta da zanenta ranar da ta kwana nan, ta ce mata ɗiyata.

"To ta gaida gida. Ku shigo, magariba ta yi."

Yasira ta miƙa hannu za ta riƙo Firdausi, ko don ta ji ɗumin mutum. Firdausi ta mayar da hannunta baya. A hankali ta yi, tana hawaye ma, amma ta mayar.

"Ki yi haƙuri," ta ce, ta juya ciki.

*

Ta bakin ruwa ta biyo, don ba ta son haɗuwa da kowa.

Ana kiran salla ta ko'ina. Masu jirage na ɗaure igiya, mata na kwashe kwanonin wanki, yara na tsere zuwa gida. Kowa da wanda yake tafiya da shi. Ita kaɗai ce ke tafe da atamfar Salla ranar da ba Salla ba, tana goge ido da bakin hijabi. Kaɗaici ya taɓa kama ta a baya, amma ba irin na yau ba, na yau har cikin ƙashinta take jin shi.

Ta iske Inna kan tabarma ta idar da salla, carbi a hannu. Kulolin tuwo na nan jere inda ta bar su. Babanta Dogo yana can tungar masunta tsakiyar ruwa, sai wani mako zai dawo, gidan daga ita sai Inna.

Ba ta yi sallama ba.

"Inna, kin je gidansu Firdausi ran Talata?"

Carbin ya tsaya.

"Na je."

"Da gidansu Binta?"

"Na je."

"Kinka bar ni ina shara? Kinka bar ni na tahi aron gidan sauro, ina gaya ma mutane ƙawayena za su zo? Kinka zamna kina tuƙa tuwon da kin san ba mai ci?"

"Yi salla tukuna."

"Ba ni iya salla da wagga zuciya, Inna. Ki hwaɗa mini."

"Na yi ta buɗe baki, Yasira. Tun ranar da kinka zo kina tsalle kina cewa layi ya zo kanki. In na dubi huskarki sai maganar ta koma."

"Wace ɗiya ce ta mutu gidanmu?"

Inna ta ajiye carbin a kan cinyarta. Ta daɗe tana kallon garwashin da ke ƙarƙashin gangar banda.

"Zamna."

"Ba ni zama."

"To tsaya. Sunanta Tamada."

Yasira ba ta taɓa jin sunan nan a gidansu ba.

"Lokacin muna ƙauyenmu can gefen Wara, kina goye. Yayarki Asibi tana da shekara goma sha ɗaya. Tamada ƙawarta ce ta makaranta, ɗiyar manoma ce daga tudu. Kullum Asibi na roƙona, Inna ki bari Tamada ta kwana gidanmu. Na ce to mi a ciki? Uwar ta kawo ta da kanta, riƙe da hannunta, ta ce mini ga amana."

Inna ta ci gaba.

"Ranar kifi ya kamu da yawa. Na yi ta banda har ban san lokacin da na kwanta ba. Asuba ta yi ban ji ba. Daɗai ban taɓa makara ba sai ranar."

"Sai mi?"

"Sunka tashi sunka kwashi kwanoni sunka tahi bakin ruwa, wai su yi mini wanke-wanke kahin in tashi, in ji daɗi. Sunka ga kwalekwalen babanku ɗaure. Ƙuruciya. Sunka kwance sunka shiga."

Yasira ta samu kanta zaune a ƙasa, ba ta san sanda ta zauna ba.

"Asibi ɗiyar masunta ce, ta iya ruwa tun ba ta iya magana ba. Tamada ko ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba. Da kwalekwalen ya kihe, Asibi ta kamo ta sau biyu tana suɓucewa. Sai washegari da azahar anka same ta cikin taru."

"Shi ya sa Yaya Asibi ba ta zuwa bakin ruwa?"

"Shi ya sa ta zaɓi aure can cikin Shanga inda sai rijiya."

Inna ta share fuska da gefen zane.

"Ni na naɗe zanen da ta kwana da shi na kai ma uwarta. Ba ta zage ni ba, Yasira. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta karɓi zanen ta dube ni ta ce, ta ci abinci kuwa da dare?"

Wallahi ni mai rubutun nan sai da na ajiye wayar a nan na ɗan fita tsakar gida.

"Tun ranar na yi alkawari tsakanina da Allah, ɗan wani ba ya sake kwana ƙarƙashin ruhin ɗakina. Ke ki tahi gidan kowa ki kwana, ban hana ba. Amma ni ba ni riƙon amanar da ta taɓa hin ƙarhina."

Yasira ta ji tausayin Inna ya taso mata har wuya, sai kuma maganar Binta ta dawo ta danne shi.

"To don mi ba ki ce musu ba ni da lahiya ba? Don mi ba ki ce za mu yi tahiya ba? Sai wagga magana?"

"In yi ma uwa 'yar'uwata ƙarya a kan ɗiyarta? Na ce in hwaɗa mata gaskiya ta riƙe abinta."

"Kin san abin da sunka maida ki?"

Yasira ba ta jira amsa ba.

"Binta ta tohe mini yawu, Inna. Ta ce mini kurwata kur. Kihinki ramin shara anka zuba."

"Na san za a rina."

"Kin sani?"

"Can ma haka anka ce. Wai ruwa bai ci ɗiyata ba sai ta mutane, to akwai magana. Mata sunka daina sayen kihina, in na taho rijiya sai a janye yara. Shi ya tashe mu munka dawo Yelwa."

"Kin sani, kinka ɗauki ƙahwa kinka tahi kinka sake jawo mana?"

"Gara a kira ni da kowane suna da in sake naɗe zane in kai gidan wata."

"Ke kinka zaɓa, Inna. Ni fa? Ni an tambaye ni?"

Muryarta ta karye.

"Saura mako biyu a koma makaranta. Wa zai zamna benci ɗaya da ni? Wa zai sha ruwa a kofina? Shekara uku ina neman su karɓe ni, suna ce mini mai warin banda ina dariya, har sunka saba da ni. Dare ɗaya na roƙa. Ɗaya tal."

Inna ta buɗe hannu ta rufe.

Yasira ta tashi ta yi alwala ta shige ɗaki.

*

Bayan ta yi salla ta zauna tsakiyar tabarmi biyun nan, filo huɗu na kallonta. Ɗakin na ƙamshin turare kamar ɗakin amarya, ba kowa.

Ta jawo kwanon lalle ta buɗe. Ya kwaɓu yadda ake so, har ya yi duhu. Ta ce a ranta ba za ta zubar ba. Ta ɗauki tsinke ta zana wa hannunta na hagu fure, hawaye na ɗiga tana kauda kai don kada ya ɓata zanen.

Da ta gama ta dubi hannun dama. Wannan sai da wani. Ta ajiye tsinken ta jingina da bango.

An idar da isha'i ke nan ta ji ana buga ƙyauren gida.

"Salamu alaikum, masu gida. Ko kun cinye tuwon ba ni?"

Yasira ta miƙe zumbur. Muryar Esther ce.

Ta fito da gudu ta zare sakata. Ga Esther tsaye, ƙafa duk laka, jakar leda a kai, buhun masara ɗanya a hannu, tana haki tana dariya.

"Kada ki ce komai. Injin jirginmu ya mutu tsakiyar ruwa, awa biyu muna shawagi, wata tsohuwa na salati ni ina kiran Yesu, akuya na kuka. Ina sauran?"

Esther ba ta da waya. Ba wanda ya gaya mata komai.

"Ba su samu zuwa ba," in ji Yasira.

"Dukansu? To asararsu. Ni zan ci rabonsu, tun sahe rogo kaɗai ke cikina."

Ta wuce ciki abinta, ta durƙusa gaban Inna.

"Ina wuni, Inna. Mama ta ce a gaishe ki, ga masara sabuwa ta ce ki taɓa."

Inna na tsaye bakin rumfa kamar an dasa ta. Ba ta karɓi masarar ba.

"Yasira, raka ta gidan gwaggonta."

Esther ta ɗago.

"Ai Gwaggo ta tahi Zuru taron matan coci tun jiya, gidan a kulle yake. Ko na yi laihi ne, Inna?"

"Ba ki yi ba."

Yasira ta matso ta tsaya tsakaninsu, hannunta mai lalle a sama.

"Inna, jirgi ba ya komawa sai gobe. Ina za ta? Ki hwaɗa mini gidan da zan kai ta yanzu in buga ƙohwa a buɗe mini."

Inna ta san babu. Ta dubi Esther tun daga kai har ƙafa, ta daɗe tana dubanta.

"Ke ɗiyata, kin iya ruwa?"

Esther ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ni? Mu manoma ne, Inna, daga bakin ruwa sai an hau mashin kahin a kai garinmu. A jirgi ma ruhe ido nake har a iso."

Yasira ta ga hannun Inna ya kama ginshiƙin rumfa.

"Ku shiga ku ci abinci," in ji Inna. "Ki tabbata ta ƙoshi."

*

Esther ta ci malmala uku tana santi. Ta sha zoɓo ta ce wannan ya fi na gidansu Binta nesa ba kusa ba. Ta faɗa kan filo ta shinshina ta ce, "Kai, ɗakinki daɗi, ga iskar ruwa na shigowa, mi ya sa ba mu taɓa zuwa ba?"

Ta kama hannun Yasira na dama ta ɗora a cinyarta ta fara zana mata lalle, tana ba ta labarin wani saurayi a ƙauyensu da ya zo zance da takalmin aro ya kasa tafiya. Yasira ta yi dariya har ta ƙware. Ta manta rabon da ta ji daɗi haka. Ashe abin da take nema ke nan duk shekarun nan, mutum ɗaya a ɗakinta yana ci yana surutu.

Ta yi wa Esther nata da hagu, ya karkace, suka yi ta dariya.

Sai ga Inna a bakin ƙofa. Ta shigo da buta cike da ruwa ta ajiye, ta koma ta kawo bokiti da murfi ta tura shi lungu.

"Na mi ne wannan, Inna?" in ji Esther.

"Ko za ku buƙata. Ku yi addu'a ku kwanta."

Ta fita ta ja ƙyauren.

Yasira ta ji ƙarar ƙarfe yana shiga ƙarfe. Sannan ƙas, kwaɗo ya kama.

Esther ta tsaya da labarinta. Ta tashi, hannuwa a sama don lalle, ta tura ƙyauren da gwiwar hannu. Bai motsa ba. Ta sake turawa da kafaɗa.

"Yasira, daga waje anka kulle."

A waje suka ji an ja tabarma an shimfiɗa ta daidai bakin ƙofar, aka zauna, 'ya'yan carbi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Yasira ta san dalili. Ta kuma san gobe kafin azahar Esther za ta haɗu da Binta, Binta za ta gaya mata abin da kakarta ta ce, ita kuma Esther za ta tuna daren nan da kwaɗon nan. Esther kaɗai ta rage mata a duniya.

Esther ta juyo. Babu sauran dariya a fuskarta.

"Yasira, magana nake. Don mi Innarku ta kulle mu?"